Fulawata ta ƙi hawa katanga, mai gida kuma ya ce a sare ta

Maman_Hamdiya_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na zo da damuwa, don na san a cikinku akwai masu hannun shuka. Shekara biyu ke nan da na sayo fulawar nan mai ƙaya, wadda furenta yake kamar takarda, masu sayarwa suna ce mata boganbila. A unguwar Ahodwo, nan Kumasi, na fara ganin ta, ta lulluɓe katangar wani gida jawur, har na tsaya ina kallo. Na sayo ƙarama a leda na dasa a gindin katangar ɗakina ta waje. Ta girma kam, yanzu ta fi ni tsawo, amma ta ƙi hawa. Rassan sai su miƙe su sunkuyo kan hanya. Fure kuwa in ban da 'yan tsiraru a hunturun bara, babu. Ganye da ƙaya kawai. Kuma wallahi ban taɓa barin ta da ƙishi ba, safe da yamma ina ba ta ruwa, kashin kaji ma sau uku ina zuba mata.

Shekaranjiya ta yagi ɗan maƙwabciyata a kunci. Jiya mai gidanmu ya aiko wai in sare ta kafin ƙarshen wata, za ta fasa masa katanga ta kuma tara macizai. Don Allah yaya ake sa ta hau? Kuma da gaske tana fasa katanga?

Abdul_Sawaba:
Wa alaikumus salam. Anti, sare ta ki shuka ugu. Shi ma yana yaɗo, kuma a ƙarshe tukunya zai shiga. Fure ba ya miya.

Rabi_Yalwa:
Abdul kai komai sai ka kai shi ciki.

MalamTanko_MaiLambu:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, kada ki yi fushi da ita, laifin bai kai nata ba. Na fi shekara ashirin ina aikin lambu a gidajen Danyame da Nhyiaeso, kuma irin wadda kika gani a Ahodwo, ina tabbatar miki hannun mutum ne ya ɗora ta a kan katangar nan reshe bayan reshe.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, kowace shuka mai yaɗo da irin hawanta. Doya da wake nannaɗe jikinsu suke yi a sanda, to su sanda siririya a tsaye suke so. Soso da kabewa da duma da inabi suna fitar da wasu 'yan zaruruwa da ke laluben abin kamawa, su kuma waya ko raga ko igiya suke so, in kika ba su gungume mai kauri ba za su iya riƙe shi ba. Akwai masu fitar da saiwa a jikin kara su manne wa bango kamar tsaka, waɗannan ba sa neman taimakon kowa. Sai irin taki. Ita ba ta nannaɗewa, ba ta da zare, ba ta mannewa. A daji jingina take yi da wasu itatuwa, ƙayar ta maƙale a rassansu, ta haka take tura kanta sama. Kin kai ta gaban katanga mai sulɓi da filasta, me za ta maƙale?

Ga abin yi. A kafa ƙusoshi masu zobe a katanga, a ja waya a kwance layi-layi, tsakanin layi da layi kamar santimita 40, kuma wayar ta ɗan nisanci bango da faɗin yatsu uku ko huɗu don iska ta riƙa ratsawa ta baya. Ki zaɓi rassa huɗu ko biyar mafi ƙarfi, ki baza su kamar yatsun hannu, ki ɗaure. Sauran da suka nufi hanya ki datse su tun daga inda suka fito. Ɗaurin kuma da tsumma, tsohuwar atamfa ki yayyaga. Ki fara zagaya wayar, ki gitta, sannan ki zagaya reshen, kamar lamba 8, da ɗan sarari yadda yatsanki zai shiga. Kada ki ɗaure da waya, reshe yana ƙiba, waya ba ta ƙiba, shaƙe shi za ta yi.

Rassan da suka riga suka tsufa suka yi tauri ba za su bi ki ba, karyewa za su yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sababbin nan masu laushi su ne naki.

Maman_Hamdiya_Aboabo:
Allah Ya saka da alheri Malam. Ni da nake ta tura rassan jikin bango da sanda ina jiran su kama! To maganar fure fa?

MalamTanko_MaiLambu:
Wannan kam ke kika shagwaɓa ta. Ruwa safe da yamma a Kumasi, a watan Oktoba da sama ma ba ta gama ba, ga kashin kaji a kai. Me zai sa ta yi fure? Ta samu daɗi, ganye za ta yi ta zubawa. Boganbila sai ta ɗan ji wuya take fure, shi ya sa kika ga 'yan tsirarun nan a hunturu. Daina ba ta ruwa gaba ɗaya, wadda ta shekara biyu a ƙasa ba za ta mutu ba. In hunturu ya yi tsanani kika ga ganyen ya yi laƙwas tun da safe, ki ba ta bokiti guda, ki sake mantawa da ita. Taki kuma a bar shi. Ina da tambaya biyu: ina katangar take kallo, kuma ina ruwan wanke-wankenku yake bi?

Maman_Hamdiya_Aboabo:
Yamma take kallo. Da safe mangwaron maƙwabta yana kare ta, daga azahar har faɗuwar rana kuwa rana tana dukan ta. Ruwa kuma… gaskiya nan maigidana yake alwala, yara ma nan suke wanke ƙafa.

MalamTanko_MaiLambu:
To kin ga. Sau biyar a rana bayan naki biyu. A matsar da buta. Ranar kuma ta ɗan yi kaɗan, awa shida take so ko fiye, amma za ta wadatar.

Rabi_Yalwa:
Fulawa mai shan ruwan alwala sau biyar, ai ta fi wasunmu ibada.

Alhaji_Akwatia_Line:
Bari in yi magana a madadin masu gidaje, tunda na ga an fara hararar mu. Ni ma ina da 'yan haya. Wani yaro ya shuka mini wata mai ƙananan ganye a bangon shagonsa, ta manne kamar an shimfiɗa darduma, kowa yana yabawa. Da ya tashi na ce a cire. Ta taho da fenti, ta taho da filasta, inda ba ta taho da shi ba ta bar wasu baƙaƙen tabo da ko burushin ƙarfe bai fitar ba. Sai da na sake yaɓe bangon. Don haka in mai gida ya ce a sare, ba mugunta ba ce, ya taɓa ƙonewa ne. Kuma 'yar'uwa, kin tambaye shi kafin ki dasa?

Maman_Hamdiya_Aboabo:
Ban tambaya ba Alhaji, wannan kuskurena ne, na karɓa.

Usman_Magini_Tafo:
Alhaji, wadda ka faɗa dangin ɓaure ce, ita kam gaskiyarka, saiwarta tana da wani abu kamar gam, kuma duk inda ta samu tsaga sai ta cusa kai. Amma ba a haɗa ta da boganbila. Saiwar boganbila sirara ce, mai saurin karyewa, ban taɓa zuwa gyaran katangar da saiwarta ta ɗaga ba. Mangwaro da darbejiya da aka dasa dab da gini, su ne suke ba mu aiki.

Inda take ɓarna shi ne sama. In ta tsufa gindinta yana kai kaurin dantse, nauyi ya taru a kan katanga, iskar farkon damina ta zo ta same ta kamar tanti. Katangar da aka yi da bulo mai inci biyar, babu ginshiƙi, babu rodi, sai ta kwanta. Na ga wannan sau biyu. Sannan in reshe ya shiga ƙarƙashin kwano yana ɗaga shi, ganye kuma ya toshe indararo, ruwa ya koma bango. Don haka sharaɗi biyu: kada ta wuce taku biyu ƙasa da rufi, kuma kada a saƙa ta cikin ƙarfen taga, don nan da shekara uku sai an yanka ƙarfen ko an yanka ta.

In mai gida bai yarda a huda masa bango ba, a kafa ƙarfe biyu a ƙasa, taku guda daga bangon, a ja wayar a tsakaninsu. Ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa gininsa ba.

Kafinta_Alabar:
Ƙari a kan maganar Usman. Duk wanda zai yi rumfa ko dirka da katako, ya guji katakon da ake ce wa wawa. Araha gare shi amma gara tana cinye shi kafin shekara ta zagayo, in ya taɓa ƙasa. Odum ko tik su ne masu jurewa, sai dai kuɗi. Ku je kasuwar katako ta Sokoban ku nemi guntayen da suka rage, sun fi sauƙi. Gora ma tana yi, ga ta nan ko'ina a ƙauyukan da ke kewaye da mu, amma a samo wadda ta ƙosa, ta bushe, kuma kada a binne gindinta kai tsaye, a zura ta kan guntun rodi ko a ɗora kan dutse. Ko da haka shekara biyu zuwa uku ce. Ga boganbila ni ƙarfe zan ce, a je Magazin, unguwar makanikai, a samo tsohon bututu, mai walda ya haɗa, a shafa masa jan fentin nan na hana tsatsa. Ita shuka ce ta shekara da shekaru, in dirkar ta ruɓe a ƙarƙashinta, wa zai shiga cikin ƙayar nan ya canza?

DanNima_Accra:
Mu nan Ankara ba ma wannan wahalar. Je ka Cantonments ko Labone, ko ma bakin titi inda babu mai kula da ita, tana nan tana fure kusan duk shekara.

Bashir_Kano:
Gafara dai, ni baƙo ne a zauren nan daga Kano. Ankara ta Turkiyya?

DanNima_Accra:
A'a Malam Bashir, Accra. Haka kakanninmu suke kiran ta tun zamanin fatauci, mu ma muka tashi muka tarar.

Zulai_Tek:
@DanNima_Accra dalilin shi ne ruwa. Accra ruwan da take samu a shekara wajen milimita 800 ne, Kumasi kuwa wajen 1,400, ga hadari da ke rufe rana kwana da kwanaki. Mu damina biyu gare mu masu ƙarfi, babba daga Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Saboda haka tamu ba ta samun sararin yin fure sosai sai daga Disamba zuwa Fabrairu, da ɗan abin da ba a rasa ba a Agusta. Maganar Malam Tanko ce dai ta dawo.

Wani abu kuma, abin da muke ce wa furen nan ganye ne da ya canza launi. Ku leƙa tsakiyarsa za ku ga wasu 'yan farare ƙanana guda uku, su ne furen gaske. Asalinta daga Kudancin Amurka take, wajen Brazil, sunan kuma na wani jagoran jirgin ruwan Faransa ne, Bougainville, wanda ya zagaya duniya tsakanin 1766 da 1769.

Abdul_Sawaba:
To kun ji. Ashe ganye ne ma. Ganyen da ba a miya da shi. Ina nan a kan bakata.

Mma_Adiza_Asawase:
Yarana, ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta mini. Abdul bai yi ƙarya duka ba. Da muka tashi a Zango babu gidan da ba ka ganin soso a kan danga ko kan rufin bayi. Ba mai dasa shi ma, inda aka yar da iri nan yake fita. Inuwa kyauta, abin wanka kyauta, na wanke kwano kyauta. Yanzu kowa ya koma ragar roba ta kasuwa. Ni har yau ina da shi a bayan ɗaki. Sai ya bushe a jikin uwarsa ya yi ruwan ƙasa, ka girgiza ka ji iri yana kaɗawa, sannan ka tsinke, ka ɓare, ka jiƙa ya kwana. Amma a yi masa rumfa mai ƙarfi. Shekaran bara da sanduna na yi, ya yi 'ya'ya sun fi talatin suna reto, ruwan watan Yuni ya zo da iska cikin dare, da safe rumfa da soso duk suna ƙasa a kan kajina.

Kuma masu cewa sosonsu yana fure yana zubarwa ba ɗa, ku duba da kyau. Na farko-farko maza ne, suna fita a cunkushe. Macen ita kaɗai take fita, da ɗan ƙaramin soso a bayanta. Haƙuri ake yi.

Maman_Hamdiya_Aboabo:
Sannu Mma, Allah Ya ƙara lafiya. Kajin dai sun tsira?

Mma_Adiza_Asawase:
Ɗaya ta karye a ƙafa, muka yanka.

Manomi_Ejura:
Tunda Malam Tanko ya ambaci doya, bari in ƙara abin da muka sani a gona. In za ka ɗora wa doya kai a sanda, akwai hannun da take bi. In ka leƙo ta daga sama, zagayenta irin na ɗawafi ne, sanda tana hagunta. In ka nannaɗa ta ta ɗaya hannun, gobe ka dawo ka tarar ta warware kanta ta faɗo. Wake mai hawa ma haka. Yaran da muke ɗauka aiki wannan ne abin da muke fara nuna musu.

Sani_Moshi_Zongo:
Allahu Akbar. Har tsiro ya san hannun ɗawafi.

Manomi_Ejura:
Malam Sani kada mu yi saurin kafa hujja. Doyar bisa, wadda take 'ya'ya a jikin kara, ta ɗaya hannun take bi. Kowace da yadda Allah Ya yi ta.

Sani_Moshi_Zongo:
Ni na ji an ce rana suke bi, wai in ka je ƙasashen kudu can sai su juya.

Zulai_Tek:
Ba sa juyawa. Waken da ke Kumasi da wanda ke Afirka ta Kudu hannu ɗaya suke bi, abin a jinin iri yake. Kuma mafi yawan masu nannaɗewa hannun da Manomi ya faɗa suke bi, kaɗan ne suka saɓa.

Hajiya_Fati_Madina:
Ku ba ni aron zauren kaɗan Maman Hamdiya. Ni tawa matsalar fashon-furut ce, mai yaɗon nan da ake shan 'ya'yanta, mai ruwan ɗorawa. Ta hau waya lafiya lau, ta rufe mini gaban kicin, fure kuwa ba a magana, kyakkyawa kamar an zana. Amma kullum sai ya bushe ya faɗo. Wata huɗu ke nan, ko ɗa ɗaya.

MalamTanko_MaiLambu:
Guda nawa kika shuka, Hajiya?

Hajiya_Fati_Madina:
Ɗaya.

MalamTanko_MaiLambu:
Ga matsalar nan. Mai ruwan ɗorawa yawanci ba ta ɗaukar ciki da garin furenta, sai na wata da ta fito daga wani iri daban. Ki samo ta biyu, amma kada ki yanko reshen wannan ki dasa, don ita ce dai ta dawo. Tsakaninsu taku goma. Kafin ta biyun ta girma, in akwai mai ita a unguwarku, ki je bayan azahar, don da tsakar rana furen yake buɗewa, kafin dare ya rufe ke nan har abada. Ki shafo garin nan mai ruwan ƙwai da auduga ko da yatsa, ki zo ki shafa a kan kawunan nan uku da ke saman naki furen. Ranar da hadari ya haɗo kada ki wahalar da kanki, in ruwa ya taɓa garin ya lalace. In ya kama, bayan kwana uku za ki ga ɗan ƙwallo, nan da wata biyu zuwa uku ya nuna ya faɗo da kansa, ba a tsinkar sa.

Wanda yake wannan aikin a daji wani babban baƙin ƙwaro ne mai gunji, dangin ƙudan zuma, wanda yake huda katako ya yi gida. Ƙudan zuma na yau da kullum ya yi ƙanƙanta, sai dai ya kwashe garin ya tafi.

Kafinta_Alabar:
Wannan ɗan banzan da yake huda mana azara? Ashe yana da rana.

Hajiya_Fati_Madina:
Innalillahi. Ni kuwa da maganin sauro nake fesa su in sun zo, don yara suna tsoro.

Rabi_Yalwa:
Hajiya kin kori ango kina jiran suna.

Shugaban_Zaure:
Jama'a, a dawo kan tambayar Maman Hamdiya. Har yanzu babu wanda ya taɓa maganar maciji, kuma ita ce rabin hujjar mai gida.

Idi_Sabon_Zongo:
Maganar maciji gaskiya ce. A gidanmu an kashe kore guda a cikin irin wannan fulawar, dogo siriri. Tun daga ranar babanmu ya sa aka tumɓuke komai.

Manomi_Ejura:
Maciji ba ganye yake ci ba. Abin da ke kawo shi ɓera, ƙadangare, kwaɗo, da sheƙar tsuntsu. In gindin shuka ya zama juji, ga busasshen ganye ga tsofaffin bulo ga gwangwani, ai ka gina masa ɗaki. In an share ƙasa, an aske rassan ƙasa har zuwa gwiwa yadda za ka hango gindin daga nesa, kuma ba a bar ta ta yi duhu a ciki ba, zai wuce ne kawai kamar yadda yake wuce ko'ina.

Zulai_Tek:
Yawancin korayen nan sirara da ake gani a cikin gari ba su da dafin da ke kisa. Amma yankinmu na kurmi yana da kore mai mugun dafi, kuma ba kowa ke iya bambanta su ba. Kada wanda ya sa hannu a cikin duhun ganye bai fara bugawa da sanda ba.

Idi_Sabon_Zongo:
Ni dai ba zan kwana kusa da ita ba, ku ce duk abin da za ku ce.

Nas_Hawa:
Ni abin da ya dame ni yaron da aka yaga. Maman Hamdiya, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, a duba ko kan ƙayar ya karye a ciki. In ya kumbura ko ya yi ja ko ya fara ruwa, a kai shi asibiti, a kuma duba katin rigakafinsa. A kunci ne yau, gobe ido ne. Ranar da za ki yi askin nan ki sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu, kuma rassan da kika yanke kada ki zuba a bola inda yara ke yawo ba takalmi, ki ƙone su.

Tunda ana maganar masu yaɗo a gidan da ke da yara: idon zakara. Yana fita da kansa a kan shinge, 'ya'yan ja da ɗigon baƙi, yara suna son wasa da su. Dafi ne mai kisa in an tauna. Duk wanda ya gan shi a gidansa ya cire. Alamanda ma, mai babban fure ruwan ɗorawa, farin ruwan da ke fita in an karya ta yana ƙona fata da ido.

Maman_Hamdiya_Aboabo:
Na gode Anti Hawa. Yaron da sauƙi, ƙarzuwa ce, na je na ba uwarsa haƙuri har da sabulu na kai. Amma maganarki ta ido ta tsaya mini a rai.

Lantarki_Baba:
Abu ɗaya da ba a faɗa ba. Kowace iri ce, kada a bar ta ta kama wayar wuta da ta shigo gida. In ta riga ta kama, kada wani ya hau da adda, balle da damina da ganye yake jiƙe. A yanke ta daga gindi a bar ta ta bushe, a kira masu aikin wuta.

Alhaji_Akwatia_Line:
Na karanta bayanin Usman, na yarda ba irin tawa ba ce. Amma har yanzu ina ganin ɗan haya da shuka a ƙasa rigima ce. Ranar tashi fa? Ta wa ce? Shawarata a sa a rabin duro. In an tashi a ɗora a mota.

MalamTanko_MaiLambu:
Alhaji ya kawo magana mai kyau, kuma abin mamaki boganbila ta fi yin fure in saiwarta ta matsu a tukunya. A huda gindin duron sosai, a zuba tsakuwa, ƙasar a gauraya da yashi. Sai dai wannan da ta shekara biyu a ƙasa, in aka tone ta da wuya ta rayu, saiwar ba ta son a taɓa ta. Abin da zan ce Hajiya, cikin rassan da za ki datse ki zaɓi masu kaurin fensir waɗanda suka fara yin ruwan ƙasa, ki yanka tsawon taƙi guda, ki cire ganyen ƙasa, ki soka a ledar fiya-wata da kika cika da yashi mai laima. Ki ajiye a inuwa ki rufa musu farar leda. Ki yi goma, don ba duka za su kama ba. Wata ɗaya zuwa biyu za ki ga toho. Ko mai gida ya ci nasara, kina da 'ya'yanta.

Abdul_Sawaba:
Duro guda na fulawa, duro guda na ugu. A raba gardama.

Mma_Adiza_Asawase:
Ugun ma mace da namiji ne, Abdul, in kana son iri sai ka shuka da yawa. Tonawa, wato Asante, krobonko suke ce masa. Ka iya shuka shi ko ci kawai ka iya?

Abdul_Sawaba:
Mma, a rufa mini asiri.

Maman_Hamdiya_Aboabo:
Jama'a ga yadda ake ciki. Maigidana ya je ya samu mai gida bayan sallar isha'i, ya nuna masa abin da Malam Usman ya rubuta. Bai yarda a huda bango ba, amma ya yarda da ƙarfe biyu a ƙasa, da sharaɗin kada ta kai rufi, kada reshe ɗaya ya leƙa hanya, kuma in aka ga maciji ko sau ɗaya magana ta ƙare. Ya ba mu zuwa ƙarshen hunturu ya gani. Ranar Asabar mai walda ya kafa, muka ja waya layi huɗu. Na bar rassa biyar, ɗaya ya karye a hannuna wajen tanƙwarawa, saura huɗu. Yanzu kam ta koma kamar kazar da aka fige, har Hamdiya ta yi kuka. Hannuna duk ƙarzuwa duk da safar. Buta ta koma bakin rijiya.

MalamTanko_MaiLambu:
Haka take yi, kada ki damu. Nan da sati biyu za ki ga toho a jikin rassan da kika kwantar, don reshen da aka kwantar ya fi wanda ke tsaye fitar da 'ya'ya a tsawonsa. In sabon toho ya kai taƙi biyu ki tsinke kansa da farce, zai rabu biyu, kuma a bakin sababbin nan fure yake fita. Daga tsakiyar Nuwamba ki ajiye almakashi, in kika ci gaba da yanka furen kike yankewa. Sai ta gama fure a sake aski. Duk wata ki bi ɗaurin ki sassauta wanda ya matse.

Usman_Magini_Tafo:
An zuba kankare a gindin ƙarfen?

Maman_Hamdiya_Aboabo:
A'a, ya dai buga su cikin ƙasa ya danna duwatsu.

Usman_Magini_Tafo:
Yanzu da ba ta da nauyi zai riƙe. Kafin ruwan Maris a tona taku biyu a zuba. Ina zuwa Aboabo ranar Juma'a wajen surukaina, in maigidanki yana nan ya neme ni a akwatin saƙo in leƙa in gani.

Idi_Sabon_Zongo:
Ni dai ina jiran labarin macijin.

Hajiya_Fati_Madina:
Maman Hamdiya, cikin goman nan da kika soka a leda, in sun kama ki ajiye mini biyu, ƙanwata tana zuwa Kumasi bikin suna a watan Janairu. Ni kuma na samu mai fashon a bayan kasuwar Madina, ta ce in zo gobe ƙarfe ɗaya da audugata.

Maman_Hamdiya_Aboabo:
Bakwai suka rage Hajiya, akuyar gidan ta cinye uku tare da ledar. Na ɗora sauran a kan rufin kejin kaji. Malam Tanko, can rana tana taɓa su da hantsi, ya yi yawa ko in bar su?